Hoton dutse da ruwa a tafiya: wace kyamara zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Kaduna, a Kawo nake zaune. A hutun Disamba mun je Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga dutse, da Kagoro ni da abokaina. Wurin ya burge ni ƙwarai, amma hotunan da na ɗauko da waya ba su yi kama da abin da idona ya gani ba. Sama ta fito fari fat, dutsen Kagoro ya zama ɗan tsugul a can baya, ruwan ma bai fito da kyau ba. Na tara 'yan kuɗi. Wace kyamara zan saya don hotunana su riƙa fitowa irin waɗanda nake gani na ƙasashen waje?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka riƙe kuɗinka tukuna. Daga yadda ka kwatanta hotunan, ina iya faɗa maka yadda tafiyar ta kasance. Kun shiga mota a Television Garage da hantsi, kun bi ta Kujama da Kachia da Zonkwa, tafiyar da ba ta kasa awa uku, kun isa rana na tsaka, kun yi ta ɗauka tsakanin sha biyu da uku, sannan kuka juyo da sauri don kada dare ya yi muku a hanya. Kuma a Disamba, hazo ya cika sararin sama. Ko kyamarar da ta fi kowace tsada aka damƙa maka a wannan lokacin, abin da za ka dawo da shi ke nan, sai dai nauyin jakarka ya ƙaru.

Kaduna tana kan digiri 10 da rabi ne a arewa da layin da ya raba duniya biyu. Amfanin sanin wannan ga mai ɗaukar hoto shi ne, rana a wurinmu miƙewa take yi sama kai tsaye, kusan digiri 15 a kowace awa. A Ingila ko Jamus a karkace take hawa, shi ya sa masu koyar da hoto na can za su ce maka kana da awa guda cur, wani lokacin ma fiye, na haske mai taushi da safe da kuma yamma. Mu ba mu da wannan gatan. Daga fitowar rana zuwa lokacin da haskenta zai yi kaifi, minti 25 ne zuwa 40. Da yamma ma haka, kuma bayan ta faɗi, minti ashirin da 'yan kai ne duhu ya rufe. A tsakiyar Janairu rana kan fito wajen bakwai saura minti goma, a Yuni kuwa wajen shida da minti goma. Faɗuwarta kuma tana kaiwa da komowa tsakanin shida da 'yan mintoci a Nuwamba zuwa kusan bakwai saura biyar a Yuli. In ka haɗa na safe da na yamma, duk abin da kake da shi a yini bai fi awa ɗaya da rabi ba.

Dalilin da ya sa wannan ɗan lokacin ya fi sauran yini shi ne inuwa. Duwatsunmu, na Kajuru da Kufena da Kagoro, ba su da launi mai yawa, toka-toka ne da baƙi-baƙi. Abin da ke nuna girmansu da tsagoginsu da kusurwoyinsu shi ne hasken da ya zo daga gefe, ya haska ɓangare ɗaya ya bar ɗayan cikin inuwa. Da azahar hasken daga bisa yake saukowa, inuwa ta shige ƙarƙashin kowane abu, sai dutsen ya zama shafaffe. Sau biyu ma a shekara, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar kai a Kaduna, har mutum ya nemi inuwarsa ya same ta a ƙarƙashin takalminsa.

To a nan ne matsalarmu ta gaske take, wadda ba za ka ji ta a bakin mai koyarwa na waje ba. Lokacin da haske ya fi kyau shi ne lokacin da bai kamata a gan ka a kan hanyar daji ba. Babu mai hankalin da zai ce ka baro Kaduna da ƙarfe uku na dare don ka riski fitowar rana a Kagoro, ko ka tsaya har magariba a Kajuru sannan ka kamo hanya. A Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari gidan dutsen nan na Kajuru da masu yawon buɗe ido ke sauka, da dare, mutum biyu suka rasa rayukansu. Dajin Kamuku na Birnin Gwari kuwa, duk kyansa, ba na ba kowa shawarar zuwa sai hukumar wurin da jami'an tsaro sun ce a zo. Mafita ɗaya ce: ka yi tafiyarka da rana tsaka, lokacin da dama babu hoton kirki, ka kwana a garin da ya fi kusa da wurin. In kana taƙama da sammako, wani a tafe ya kwana. Kuɗin masauki na kwana biyu a Kafanchan zai gyara hotonka fiye da sabon idon kyamara, wato gilashin da ke gabanta. Ka isa da azahar, ka ci abinci, ka je ka zaga wurin ba don ɗauka ba, don ka zaɓi inda za ka tsaya gobe. Ka buɗe kamfas ɗin wayarka ka ga ina ne gabas. Ka lura kuma cewa rana ba a wuri ɗaya take ɓullowa ba duk shekara: a Yuni tana karkata arewa da kusan digiri 24, a Disamba ta karkata kudu da kamar haka. Fuskar dutsen da ta sha haske da safe a Disamba tana iya kasancewa cikin inuwa a Yuni. Manhajoji irin su PhotoPills da Sun Surveyor suna zana maka layin rana a kan taswira, Google Earth kuma ya nuna maka tudu da kwari tun kana ɗakinka.

Washegari ka yi asuba da wuri ka fita, in da hali ma ka yi sallar a inda za ka tsaya, don kafin rana ta leƙo akwai wani haske shuɗi-shuɗi mai laushi da ke da daɗin aiki. Na yamma kuma ka tafi da alwalarka, domin launin da ya fi kyau a gajimare yakan zo ne minti goma zuwa sha biyar bayan rana ta ɓace, daidai lokacin da ladan ke kiran magariba. Yawancin mutane da zarar rana ta nutse suke naɗe kayansu, su bar abin da suka zo nema a bayansu. Wannan tsayawar sai a wurin da masaukinka ke kusa, kuma kana tare da mutanen gari.

Bayan lokacin yini sai lokacin shekara, kuma nan ne ka fi yin asara. Disamba watan hutu ne, amma ba watan hoton daji ba ne. An ƙone ciyawa, ƙasa ta yi baƙi, ruwan Matsirga ya ragu, iskar hunturu kuma ta kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta baza mana a sama. Farin da ka gani a hotonka ƙurar nan ce rana ta haska. In ka tambaye ni, daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba babu kamarsa a jihar nan. Ruwan ƙarshen damina ya wanke iska, har kana iya ƙirga itatuwan da ke kan tudu mai nisa. Rafuka a cike suke. Dawa ta fitar da kai, ciyawa ta yi tsawo ta fara juyawa daga kore zuwa ruwan ɗorawa, sama kuma shuɗiya ce da manyan gajimare farare masu siffa. A kudancin Kaduna abin ya fi armashi, saboda duwatsun Kagoro gefen yammacin tsaunukan Jos ne, iskar damina mai ɗauke da laima tana cin karo da su ta hau sama ta zubar da ruwanta. Shi ya sa can ya fi nan ruwa da duhuwar itatuwa, kuma da sassafe bayan ruwan dare za ka ga hazo fari ya kwanta a kwari, kawunan duwatsu sun leƙo ta samansa. Wannan hazon na laima ne, ba na ƙura ba, kuma da rana ta ɗan ɗaga yake watsewa.

Agusta watan marka ne. Sama takan yi kwanaki a lulluɓe, toka-toka, babu siffa. Kada ka sa ta a hoton ko kaɗan, ka sunkuyar da kyamara ka ɗauki ruwa da ganye da jiƙaƙƙen dutse, don irin wannan hasken marar inuwa shi ne ya fi dacewa da cikin kurmi. Sai dai ruwan kogi a lokacin ja ne saboda laka, kuma yana da ƙarfin da ba a wasa da shi.

Akwai kuma wani ɗan lokaci da nake ƙauna, farkon damina, Afrilu zuwa Mayu. Hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma. Idan ya haɗo da la'asar, rana tana yamma a bayanka, gabas ta yi baƙi ƙirin, dutsen da ke gabanka kuma yana shan hasken rana ja-ja-jawur. Dutse mai haske a gaban baƙin hadari, babu wani gyaran kwamfuta da zai ba ka wannan. Amma minti kaɗan ne kafin iska ta iso, kuma daga ƙasa ake ɗaukarsa. Kada hadari ya same ka a kan falalen dutse riƙe da sandar kyamara ta ƙarfe. In ka ji tsawa, to walƙiya tana iya kaiwa inda kake, ka sauka.

Shi kansa hunturun ba a jefar da shi, in dai ka daina faɗa da hazo ka sa shi aiki. Ka nemi inda tuddai suka jeru, wani bayan wani. Ƙura tana sa na kusa ya yi duhu, na bayansa ya ɗan yi haske, na can ƙarshe ya kusa narkewa cikin sama, sai hoton ya zama hawa-hawa. Rana ma takan zama jan faifai da kyamara ke iya ɗauka ba tare da hoton ya ƙone ba, ko da yake in ƙurar ta yi kauri, tun kafin ta kai ƙasa take ɓacewa, don haka kada ka jira sai ta taɓa tudu. Ka samu kuka da ta kaɗe ganyenta, ko giginya, ko rimin Zariya, ka sa shi tsakaninka da ranar. Dutsen Kufena yana yamma da birnin Zariya, kusa da Wusasa, don haka in ka tsaya ta ɓangaren gari, da safe fuskarsa ce ke shan haske, da yamma kuma baƙar siffarsa za ka samu a gaban jar sama. Hoto biyu daban daga wuri ɗaya. Kuma ka lura da gawo. Shi da rani yake fitar da ganye, da damina ya zubar, saboda haka a Janairu, lokacin da komai ya bushe, shi kaɗai ne kore a tsakiyar gona, sau da yawa da shanu a ƙarƙashinsa.

Yanzu ga batun dutsen da ya ƙanƙance. Babban idon kyamarar waya mai faɗi ne, daidai da milimita 24 zuwa 26. Irin wannan ido yana girmama abin da ke kusa, ya ture na nesa can baya. Kai kuma da ka tsaya a gaban Kagoro, hankalinka ya tattara a kan dutsen ya manta da filin da ke tsakaninku, kyamara kuwa ba ta manta komai ba. Hanya biyu ce. Ko dai ka ja da baya sosai ka janyo dutsen da ido mai tsawo, milimita 100 zuwa 200, sai rufin gidajen garin da dutsen su matso juna, dutsen ya tsaya a kan garin yadda ka ji shi a ranka. A waya, ka yi amfani da maɓallin 2x ko 3x in tana da ido na biyu na gaske, amma kada ka ja hoton da yatsu biyu, wannan yankewa ce kawai, tana ɓata shi. Ko kuma ka bar idon mai faɗi, ka ba shi abin da zai ci a kusa.

Ga misalin na biyun. A saman kusan kowane falalen dutse akwai ƙananan kwarmi da ruwan sama ke kwanciya a ciki, wani bai fi faɗin faranti ba, gefensa da gansakuka da 'yan ciyayi. Ka durƙusa, ka sauke wayar har ta kusa taɓa ruwan, kamar taƙi ɗaya, ka juya ta kai a ƙasa, idon ya matso kusa da ruwan. Sai ka ga gajimare da kan dutsen sun bayyana a cikin ruwan, ɗan kwarmin ya cika rabin hoton. Ka jira iska ta lafa ruwan ya tsaya cak, sannan ka danna. Wandonka zai jiƙe a gwiwa, amma hoton yana da gaba, yana da tsakiya, yana da baya. Haka nan in akwai mutum a can gindin dutse, manomi da fartanya a kafaɗa ko yaro da awaki, ka bar shi ɗan ƙarami a hoton. Da shi ido zai auna girman dutsen.

Farar sama kuma, bayan ƙura, akwai laifin yadda kyamara ke auna haske. Ita so take komai ya fito tsaka-tsaki, ba duhu ba haske. In baƙin dutse ya cika hoton, sai ta ƙara haske don ta gyara shi, sama ta ƙone. Abin da ya ƙone ya zama fari ba ya dawowa, amma abin da ya yi duhu ana iya ɗago shi daga baya. Saboda haka sama za ka auna. A waya, ka taɓa sama da yatsa, ka ja alamar ranar nan ƙasa har gajimare su fito da siffarsu. A kyamara, ka rage hasken da kashi biyu cikin uku na mataki ko mataki guda (mataki guda shi ne raba hasken biyu ko ninka shi), ka riƙa duba ɗan jadawalin haske da ake kira histogiram, kada tudunsa ya manne da bangon dama. Kada ka yarda da abin da fuskar kyamara ta nuna maka a cikin rana, tana ruɗi. Ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ke adana hoton ɗanye don ya fi karɓar gyara, in na'urarka tana da shi, wayoyi da yawa yanzu suna da shi a sashen Pro. In bambancin ya yi yawa, ka ɗauki uku ba tare da ka motsa ba, ɗaya daidai, ɗaya mai duhu da mataki biyu, ɗaya mai haske da mataki biyu, ka haɗa su a gida.

Matsirga, can kusa da Madakiya, ruwa ne da ke faɗowa daga tsawon kusan mita 30. Farin ruwa a cikin rana tsaka shi ne abu mafi wuyar ɗauka, domin ruwan ya fi dutsen da ke bayansa haske nesa ba kusa ba. Ka je lokacin da duk wurin ke cikin inuwa, da sassafe ko ranar da gajimare ya rufe. Sannan ka yanke shawara kan saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga. A 1/500 na daƙiƙa ko fiye, kowane ɗigo zai tsaya, ƙarfin ruwan ya fito. A 1/4 zuwa daƙiƙa ɗaya, ruwan zai zama zare-zare masu laushi. Ni na fi son tsakanin 1/8 da 1/2, inda ruwan ya yi laushi amma har yanzu ana ganin hanyar da yake bi. Waɗanda ke barin shota daƙiƙa 30 har ruwa ya koma hayaƙi, ban ga abin da suke nema ba, sun kashe ruwan. Jinkirin shota yana buƙatar kyamara ta tsaya cak, don haka sai da sanda mai ƙafa uku, ko ka ɗora ta a kan dutse da jaka a ƙarƙashinta, ka sa ta ƙirga daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka don kada yatsanka ya girgiza ta. ISO, wato yadda kyamara ke jin haske, ka sa shi a 100, ƙofar haske kuma f/8 zuwa f/11. Kada ka matse ta har f/22 don neman jinkiri, hoton yana rasa kaifi. In hasken ya yi yawa, baƙar filta da ake kira ND ita ce maganinsa. Mai iPhone yana iya ɗauka da Live Photo ya mayar da shi doguwar ɗauka daga baya. Ka riƙe ɗan ƙyalle mai laushi a aljihu, feshin ruwa yana sauka a gilashi ba ka sani ba, ka goge kafin kowace ɗauka. In kana son bakan gizo a cikin feshin, sai rana tana bayanka kuma ba ta haura digiri 42 ba, wato kafin tara na safe ko bayan la'asar. Dutsen da ya yi kore ko baƙi mai sheƙi a bakin ruwa santsi gare shi, kada ka taka shi kana kallon fuskar waya.

In duk da haka kana son sayen kaya, ga yadda zan kashe kuɗin. Da farko sanda mai ƙafa uku da ba ta rawa. Na biyu filtar CPL, wadda ake juyawa a gaban ido. Ita ce abu ɗaya da gyaran kwamfuta ba ya iya maye gurbinsa: tana cire ƙyallin da ke kan jiƙaƙƙen ganye da dutse da ruwa, sai ainihin launin ya fito, kuma ta fi aiki in rana tana gefenka, ba gabanka ko bayanka ba. Akwai ma ƙananan da ake maƙala wa waya. Sai kyamara ta hannu, Canon ko Nikon ko Sony, ko ta shekara goma da suka wuce ce, da idonta na milimita 18-55 da wani mai tsawo irin 55-200 ko 70-300. Wannan ya ishe ka shekaru. Kafin ka biya, ka ɗauki farar takarda a f/16 ka duba ko akwai ɗige-ɗige, ka haska tocila cikin idon ka ga ko fumfuna ta yi saƙa a gilashi. A milimita 18 da f/8, in ka saita kaifin a kan abin da ke nisan mita biyu zuwa uku, daga gabanka kaɗan har ƙarshen gani duk zai fito tas.

Ɗauka daga cikin mota ko jirgin ƙasan Rigasa zuwa Idu abin sha'awa ne, musamman da damina. Ka manna idon a jikin gilashi don inuwar cikin tarago ta ɓace, ka sa shota 1/1000, ka nufi abin da ke nesa, don na bakin hanya gogewa yake yi. Ba zai kai wanda ka tsaya ka ɗauka ba, amma yana nuna maka wuraren da za ka koma.

Dajin da kake gani babu kowa, yana da masu shi. Kowane dutse yana cikin ƙasar wani gari, kowane fili gonar wani ce. Da ɗan gari kan ci gari. Ka fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da wanda zai raka ka, ka kuma sallame shi da abin kirki. Shi ya san hanyar da ba ta da santsi, da kogon da zuma ta yi gida, da inda kasa ko kububuwa ke kwanciya, da labarin da aka ji jiya a daji. Akwai duwatsu da kurmi a kudancin Kaduna da mutanen wurin ke girmamawa bisa al'adarsu, ba a shiga ko ɗaukarsu sai da izini, kuma in aka ce a'a, a'a ɗin ce. In ka haɗu da makiyaya, ka yi sallama, ku gaisa, ka tambaya kafin ka ɗaga kyamara, matansu kuwa ka ƙyale su sai in an yarje maka. Ka nuna wa mutum hotonsa bayan ka ɗauka, yana sanyaya zuciya. Kaduna kuma garin soja ne: makarantar hafsoshi ta NDA, barikin Jaji, sansanin sojan sama na Mando, shingayen bincike a kan hanya. Kada idon kyamararka ya kalli ɗaya daga cikinsu, ko da faɗuwar rana ce a bayansa. Jirgi marar matuƙi kuwa yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a ƙauyen da ya taɓa ganin tashin hankali, ƙararsa kaɗai tana iya tayar da gari. Ka faɗa wa na gida inda kake da lokacin da za ka dawo, hotunan kuma ka bari sai ka baro wurin kafin ka ɗora su a Facebook ko Instagram.

Kafin Oktoba ta zo, ka yi atisaye a gida. Kogin Kaduna, da ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa garin nan kafin ya je ya faɗa Neja, makaranta ce kyauta. Da rani duwatsun cikinsa suna fitowa, masunta na jefa birgi da safe, da damina kuma ya cika ya batse. Ka zaɓi wuri ɗaya, misali ta wajen Gamji, ka riƙa komawa da asuba, da hantsi, da azahar, da almuru, kana ɗaukar abu ɗaya. In ka jera hotunan ka kalla, ba sai wani ya sake yi maka bayanin haske ba.

Kayan aikin kuma abokan gabarsu biyu ne, ƙura da laima. Da hunturu kada ka cire ido daga jikin kyamara a fili, ka shiga mota ko ɗaki, ka kifar da bakinta ƙasa. Kada ka goge gilashi da gefen riga, ƙurar tana karce shi. Ka fara hure ta da ɗan famfon roba. Da damina, in ka dawo, ka fitar da komai daga jaka ya sha iska, sannan ka adana a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Batir biyu, memori biyu, da fawa banki, don ba ka da tabbacin wuta a masauki.

Wajen gyara, Snapseed ko Lightroom na waya sun isa. Ka daidaita layin ƙasa ya miƙe, ka rage hasken sama, ka ɗago inuwa kaɗan, ka tsaya nan. Ina ganin samari suna murɗa launi har ciyawar Kagoro ta zama koren da Allah bai halitta ba, wasu ma su cire samanmu su liƙa ta wata ƙasa. Duk wanda ya san wurin zai gane, kuma daga ranar ba zai ƙara yarda da hotonka ba. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, don turawar da aka saba tana matse hoton ta zubar da kaifinsa. Na asalin kuma ka ajiye shi wuri biyu tun a daren da ka ɗauka, ɗaya a memori, ɗaya a waya ko kwamfuta, kada ka goge memorin sai ka dawo gida ka tabbatar duk sun buɗe.